Kamfani Ne Ya Ci Kuɗinka Ko Mai Kamfani?

Wasiƙu huɗu na zaɓo a wannan watan, kuma duk a kan abu ɗaya suke kewayawa. Kamar yadda muka saba a wannan fili, na cire sunayen masu tambaya da na waɗanda suke ƙorafi a kansu.

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni ɗan kasuwa ne a Dawanau, hatsi nake saye, idan damina ta ƙarato kuma ina kai taki ƙauyuka. A watan Afrilun bara na ba wani kamfani kafin alƙalami na naira miliyan 15 a kan tirela ɗaya ta takin zamani, buhu 600, bisa alkawarin kaya za su iso cikin mako uku. Shugaban kamfanin da bakinsa ya ce mini an riga an yi lodi a Fatakwal, har hoton takardar lodin ya turo mini ta WhatsApp. A asusun kamfani na tura kuɗin. Damina ta zo ta wuce, babu taki babu dalilinsa. Daga baya na nemo direban da sunansa ke jikin takardar, ya rantse mini bai taɓa ɗaukar wannan lodi ba. Da na matsa, sai mutumin ya ce ai da kamfani na yi ciniki ba da shi ba, in je in kai kamfani ƙara. Na bincika, asusun kamfanin babu ko sisi. Shi kuwa ya buɗe sabon kamfani a ofishin nan dai, allon ƙofa kawai ya canza, ya kuma sayi sabon gida. Shin da gaske doka ta ba shi wannan mafaka?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya mayar maka da alheri. Rabin maganar mutumin nan gaskiya ce, shi ya sa take da haɗari, don haka bari in fara da wannan rabin.

A idon doka, kamfanin da aka yi wa rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, mai ɗauke da "Limited" ko "Ltd" a ƙarshen sunansa, mutum ne mai zaman kansa. Yana mallakar dukiya, yana cin bashi, yana kai ƙara, ana kai shi. Bashinsa nasa ne, ba na masu shi ba. Wannan ƙa'ida daga Ingila muka gaje ta. Akwai wani mai sana'ar takalman fata a unguwar Whitechapel ta birnin Landan, Aron Salomon, wanda ya mayar da sana'arsa kamfani a 1892. Dokar wancan lokaci ta ce sai mutum bakwai, sai ya ba matarsa da 'ya'yansa biyar hannun jari ɗaiɗai, shi ya riƙe 20,001. Ba a jima ba kasuwa ta juya baya, kamfani ya karye, masu bin bashi suka ce ai Salomon ne kamfani, kamfani ne Salomon, ya biya daga aljihunsa. Magana ta kai kotun ƙoli ta Ingila ta wancan zamani, wato Majalisar Dattawa, a ƙarshen 1896 ta yanke cewa kamfani daban, Salomon daban. Har gobe duk ɗalibin lauya a Najeriya sai ya karanta wannan shari'a, kuma Dokar Kamfanoni ta 2020, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu ranar 7 ga Agusta na shekarar, a kan wannan tubali ta tsaya.

Ni ina ganin amfanin ƙa'idar. Ba don ita ba, da wuya mutum ya ɗauki kasadar kafa masana'antar casar shinkafa alhali ya san gobara ɗaya za ta iya raba 'ya'yansa da gidan da suke kwana. Amma akwai abin da masu fakewa da Salomon ba sa faɗa: alƙalan sun duba, ba su ga zamba a lamarinsa ba. Asara ce ta same shi. Garkuwar nan don asara aka ƙera ta, ba a ƙera ta don wanda ya shirya ƙarya ya karɓi kuɗin mutane ba.

To yanzu mu zo kan naka. Sashe na 316 na Dokar Kamfanoni ta 2020, wanda a tsohuwar doka ta 1990 shi ne na 290, kamar kai aka rubuta wa shi. Abin da ya ƙunsa shi ne: idan kamfani ya karɓi rance don wata manufa takamaimai, ko ya karɓi kuɗi ko kaya a matsayin kafin alƙalami don aiwatar da kwangila ko wani aiki, sannan da niyyar zamba aka ƙi yin abin da aka karɓi kuɗin dominsa, to duk darakta ko jami'in kamfanin da ke da hannu a ciki zai mayar da kuɗin daga aljihunsa. Sashen bai kuma wanke kamfanin ba. Ke nan kana da waɗanda za ka bi biyu, kamfani da mutumin.

Ko da babu wannan sashe, akwai ƙa'idar da ta girme shi, wadda ni na fi so saboda sauƙinta: ƙarya ta wanda ya yi ta ce. Ga misali da ya yi kama da naka sosai. Wani kamfani a Ingila mai suna Oakprime ya yi cinikin kai kwalta daga Iran zuwa Biyetnam. Lodi ya makara, ya wuce wa'adin da banki ya gindaya. Sai manajan daraktan kamfanin, Mista Mehra, ya sa aka mayar da kwanan watan takardar lodin jirgi baya, ya miƙa wa bankin Standard Chartered, banki ya biya. Da asiri ya tonu, ya ce ai shi da sunan kamfani ya yi, a takardar kamfani ya rubuta. Wata kotu ta yarda da shi. Majalisar Dattawa ta Ingila kuwa, a 2002, ta ce a'a: ba ana kama shi don shi darakta ba ne, ana kama shi ne don shi ya yi yaudarar, kuma babu wanda zai yaudari wani sannan ya ce a madadin wani ya yi. Hukuncin Ingila ba ya ɗaure kotunanmu, amma suna duba shi su ɗauki haske. Namu ma sun faɗi irin wannan da bakinsu. A shari'ar Alade da kamfanin Alic, Kotun Ƙoli ta Najeriya a 2010 ta ce idan aka tabbatar da zamba za a yaye labulen kamfani a kama wanda ke bayansa. A 2015 kuma, a shari'ar Oyebanji, ta tabbatar da hukuncin laifi a kan wani manajan darakta da ya karɓi kuɗi don shigo da kaya bai shigo da su ba, duk da ya kafa hujja da cewa kamfani ne ya karɓa.

Saboda haka abin da ya fi miliyan 15 ɗinka muhimmanci a yanzu shi ne hoton takardar lodin nan da ke cikin wayarka, da direban nan. Ina so ka fahimci dalili. Rashin kawo kaya shi kaɗai ba zamba ba ne. Mutum na iya karɓar kuɗi da zuciya ɗaya, farashi ya tashi, ko wanda ya dogara da shi ya ba shi kunya. Wannan saɓa alkawarin ciniki ne, kamfani ake bi. Abin da ke mayar da shi zamba shi ne mutum ya faɗi abin da ya san ƙarya ne don ka saki kuɗinka ko ka ci gaba da jira, ko kuɗi su shiga asusun kamfani yau, gobe su fice zuwa dillalin gida. Kuma dokar shaida ta 2011, a sashe na 135, ta ce idan ka zargi mutum da aikata laifi, ko da a shari'ar neman haƙƙi ce, sai ka tabbatar da shi ba tare da wani kokwanto mai tushe ba, daidai da yadda ake yi a shari'ar laifi. A nan ne mutanenmu da yawa suke faɗuwa. Suna da gaskiya, ba su da shaida. An yi ciniki da baki a rumfa, an yi musabiha, an tashi.

Don haka kada ka sayar da wayar nan, kada ka ba yaro ita, kada ka goge hirar. Sashe na 84 na dokar shaida ya yarda da saƙonnin waya, amma da sharuɗɗa, ciki har da takardar tabbaci game da na'urar da aka ciro su, lauyanka ya san yadda ake yi. Ka je banki ka karɓi takardar shaidar tura kuɗin mai hatimi. Ka lallaɓa direban ya yarda zai tsaya a gaban alƙali, ya kuma yi rantsuwa a rubuce tun yanzu, don direban tirela yau yana Kano gobe yana Legas. A sa lauya ya bincika kamfanonin biyu a CAC, tsohon da sabon, a ga su wane ne daraktoci, a ga ranar da aka yi wa sabon rajista. Idan ya zamana an buɗe sabon ne a daidai lokacin da ake kwashe na tsohon, wannan ma shaida ce. Wajen shigar da ƙara a sa sunan kamfani da sunan mutumin tare, a kuma zayyana zambar dalla-dalla: me ya faɗa, yaushe, ta wace hanya, me ka yi saboda maganar. Kotu ba ta karɓar "ya cuce ni" kawai. Lauya zai iya roƙon kotu ta umarci banki ya kawo bayanan asusun kamfanin, ta kuma hana a sayar da gidan ko a ɓatar da dukiya kafin a gama shari'a. Kada kuma ka yi jinkiri. A yawancin jihohi irin wannan ƙara tana da wa'adi, shekara biyar ko shida, dukiya kuwa ba ta jira ko wata shida.

Akwai kuma hanyar laifi. Kundin Penal Code da muke aiki da shi a Arewa ya hukunta damfara da cin amana. Dokar tarayya ta 2006 kan karɓar dukiya ta hanyar yaudara ta fi tsanani, ɗaurin shekara 7 zuwa 20 babu zaɓin tara, kuma ta ba kotu ikon sa mai laifi ya mayar da abin da ya karɓa. Za ka iya rubuta koke ga EFCC, suna da ofishi a Kano. Na san abin da za ka ce, don kowa shi yake faɗa mini, wai masu kuɗi ba a taɓa su. Ba haka ba ne ɗari bisa ɗari. Ranar 14 ga Agustan 2009, Sanusi Lamido Sanusi yana gwamnan Babban Banki, ya cire shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya: Afribank, Finbank, Intercontinental, Oceanic da Union. A watan Oktoban 2010 Cecilia Ibru ta Oceanic ta amsa laifi a Babbar Kotun Tarayya da ke Legas, aka yanke mata wata shida, aka kuma ƙwace kadarorin da aka ƙiyasta sun kai kimanin naira biliyan 190. Ni a ganina wata shida ya yi kaɗan ƙwarai idan aka dubi abin da ya samu ƙananan masu hannun jari. Amma ka lura, ba bankin aka kai gaban alƙali ya amsa ba, ita aka kai, kuma dukiyar da ke da alaƙa da ita aka karɓe.

Gargaɗi ɗaya da ba zan bari ba. Da zarar ya ji ka ɗauki lauya, zai turo dattawa a yi sulhu. Sulhu alheri ne, ban hana ka ba. Amma na taɓa ganin wani bawan Allah da ya zo ofishina da takardar sulhu ya riga ya sa hannu: an ba shi kashi ɗaya bisa biyar na kuɗinsa, sauran kuma takarda ta ce "kamfani zai biya". Kamfanin da ba shi da ko kujera. Idan za a rubuta sulhu, mutumin ya sa hannu da sunansa na yanka cewa shi da kansa ya ɗauki bashin, ya ba da jingina, a kuma kai takardar kotu ta zama hukunci.

Tambaya: Barista, ni malamar makaranta ce a Zariya. A 2019 yayana ya ce zai buɗe kamfani, ana buƙatar mutum biyu, ya karɓi hotona da katin shaidata, na sa hannu a wasu takardu har da na banki. Ban taɓa zuwa ofishin ba, ban taɓa karɓar ko kwabo ba. Ashe kamfanin kuɗin mutane yake karɓa da sunan za a juya a harkar shinkafa a riƙa ba su riba duk wata. Yanzu abin ya rushe, yayana ba ya gari, mutane suna sallama a ƙofar gidan mijina suna cewa sunana na cikin daraktoci. Za a iya ɗaure ni?

Amsa: Malama, na karanta wasiƙarki sau biyu, raina ya ɓaci, don irin taki na gani ba ɗaya ba ba biyu ba. Kafin 2020 doka ta wajabta mutum biyu wajen kafa kamfani, sai maza suka riƙa cike gurbin da sunan mata, ƙanne, har iyaye tsofaffi. Dokar yanzu ta yarda mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfaninsa shi kaɗai, saboda haka wannan uzuri ya ƙare, kuma ina roƙon masu karatu su daina ba da aron suna.

Ga abin da zai kwantar miki da hankali. Kasancewar sunanki a takarda kawai bai mayar da ke mai laifi ba. Sashe na 316 da na ambata a sama wanda ke da hannu yake kamawa. Doka ta kuma haramta a kama wani a madadin wani: sashe na 7 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya faɗi haka ƙarara, dokar 'yan sanda ta 2020 ta maimaita. Babu mai ikon tsare ki don yayanki ya fito.

Ga kuma abin da ba zan ɓoye miki ba. Doka ba ta san wani abu wai shi darakta na suna ba. Duk wanda ya karɓi sunan ya karɓi amanar, ana sa ran ya san abin da kamfani ke yi, ya kula kamar yadda mai hankali zai kula. Dokar zamba ta 2006, a sashe na 10, ta ce idan kamfani ya aikata laifin, za a iya haɗawa da darakta ko manaja ko sakatare idan da zugarsa aka yi, ko da haɗin bakinsa, ko kuma saboda sakacinsa. Wannan kalma ta ƙarshe, sakaci, ita ce ƙofar da za a iya biyowa ta kanki. Ƙari a kan haka, kamfani mai zaman kansa irin wannan ba shi da izinin gayyatar jama'a su ajiye kuɗi a wurinsa sai da lasisi, kuma dokar zuba jari ta 2025 ta fito fili ta haramta tsarin da ake biyan na farko da kuɗin na baya. Ke nan harkar tun daga tushe a karkace take.

Takardun bankin nan su ne suka fi damuna. Idan kina cikin masu sa hannu a asusu, ki tuna da kyau: kin taɓa sa hannu a cak, ko da babu rubutu a jiki? An taɓa turo kuɗi asusunki daga na kamfanin, ko da da sunan "riƙe mini zuwa gobe"? Akwai takardar tsaya wa kamfani a kan bashin banki a cikin abin da kika sa wa hannu? Wannan ta ƙarshe ba ta buƙatar a tabbatar da zamba, alkawari ne kika ɗauka da sunanki, banki zai bi ki kai tsaye.

Abin yi: ki nemi lauya a wannan makon, kada ki jira takardar gayyata. Ki karɓo bayanan asusunki na banki tun daga 2019, su ne za su nuna ba ki ci ba. Ki ajiye takardun albashinki da duk abin da ke nuna kina aji lokacin da ake wannan harka. Ki rubuta takardar ajiye muƙamin darakta, a tabbatar an shigar da ita a CAC, duk da ki sani ajiyewar gaba take karewa, ba ta goge abin da ya wuce. Idan hukuma ta kira ki, ki je da lauya, ki faɗi gaskiya. Masu zuwa ƙofar gida kuma a yi musu magana da mutunci, don su ma an zalunce su, amma kada ki sa hannu a wata takarda da ke cewa za ki biya, komai matsin da aka yi miki. Maganar zumunci za ta taso, za a ce kada ki tona wa ɗan'uwanki asiri. Shi ne ya ajiye ki a bakin wuta ya tafi, kuma ɓoye abin da kika sani yanzu zai iya zama laifin da a da ba ki da shi.

Tambaya: Ni akanta ne a wani kamfanin gine-gine a Kaduna. Maigidana yakan sa ni in sa hannu a cak a ba masu kawo mana siminti da rodi, alhali mu biyun mun san babu kuɗi a asusu, wai don su sake kawo kaya kafin a biya mu. Wani lokaci kuma yakan ce in canza kwanan wata a rasit. Ni ma'aikaci ne kawai, umarni nake bi. Akwai abin da zai same ni?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, kuma a takarda hannunka ne ya ja shi. Dokar cak maras kuɗi ta 1977 ta ce wanda ya karɓi kaya ko bashi ta hanyar ba da cak, aka kai cak ɗin banki cikin wata uku ya dawo saboda babu kuɗi, ya aikata laifin da hukuncinsa ɗaurin shekara biyu ne babu zaɓin tara. Mafita ɗaya da dokar ta bari ita ce mutum ya nuna yana da dalili mai ƙarfi na zaton za a biya cak ɗin lokacin da ya rubuta shi. Kai da bakinka ka ce kun san babu. Idan kamfani ne ya ba da cak, dokar ta haɗa da jami'in da aka yi da yardarsa ko haɗin bakinsa. Canza kwanan wata a rasit don a yaudari wani kuwa ƙirƙirar takardar jabu ce, kuma shi ne ainihin abin da ya kayar da Mista Mehra da na ba da labarinsa a sama. "Maigida ne ya sa ni" na iya sa alƙali ya sassauta hukunci, ba ya wanke mutum.

Na san aiki yana da wuyar samu, ba na raina wannan. Amma ranar da abin zai fashe, maigidan zai ce shi bai san lissafi ba, akanta ya bar wa komai, kuma sa hannunka ne za a ɗaga a kotu. Ka daina daga yau. Ka rubuta masa a takaice, cikin ladabi, cewa ba za ka iya sa hannu a cak ba sai akwai kuɗin da zai biya shi, ka ajiye kwafi a gida. Umarnin da ya riga ya ba ka ta waya ko a rubuce, su ma ka adana. Game da waɗanda ka riga ka sa wa hannu, ka zauna da lauya ku lissafa su ɗaya bayan ɗaya, a ga waɗanda har yanzu suke hannun mutane.

Tambaya: Barista, kamfanina na kiwon kaji a Funtuwa ya durƙushe, cuta ta shiga, ga tsadar abinci. Ana bin mu kuɗin masara da na magani. Ban ci na kowa ba, Allah ne shaida. Za a sayar da gidana?

Amsa: Alhaji, Allah ya sa kaffara ce. Kai ne irin mutumin da aka yi garkuwar dominsa. Amma fara duba takardar rajistarka. Idan sunan kasuwanci kawai ka yi wa rajista, irin masu ƙarewa da "Enterprises" ko "Ventures" babu "Limited", to kai da kasuwancin abu ɗaya ne, bashinsa naka ne. Mutane da yawa a kasuwanninmu suna riƙe da irin wannan takarda suna zaton kamfani gare su. Idan kuwa cikakken kamfani ne, ba ka tsaya masa da sunanka ba, ba ka jinginar da gidan ba, to dukiyar kamfani masu bashi za su bi.

Inda masu gaskiya irinka suke zamewa shi ne bayan karyewar. Sashe na 672 na Dokar Kamfanoni ya ce idan ana rufe kamfani aka gano an gudanar da harkarsa da ganganci ko da niyyar cutar masu bin bashi, kotu na iya ɗora bashin gaba ɗaya a kan waɗanda suka yi hakan da saninsu. Na 673, wanda sabo ne a dokar 2020, ya taɓa daraktan da ya san, ko ya kamata ya san, cewa kamfani ba zai tashi ba, amma bai yi abin da ya dace don rage wa masu bashi asara ba. Malaman fiƙihu ma haka suka ce game da mai juya dukiyar wani a ƙirali: amintacce ne, ba ya ranko sai ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Saboda haka kada ka ƙara karɓar masara bashi ko kafin alƙalamin ƙwai da ka san ba za ka iya kawowa ba. Kada ka mayar da janareta ko motar kamfani sunan ɗanka, kada ka zaɓi surukinka ka biya shi ka bar sauran. Ka adana littattafan lissafi da takardar likitan dabbobi da ta nuna cutar da adadin kajin da suka mutu. Sannan ka kira masu bin bashin ku zauna, ka buɗe musu littafin su gani da idonsu, a rubuta abin da ya rage da yadda za a raba shi.